Ƙoshiyar Keziah

Selina tana cikin ƙulla zaren da ya tsinke ta ɗaga kai, sai ta ga bakin Keziah yana cewa, "Zo."

Ba muryarta ta ji ba. A ɗakin saƙa babu mai jin kowa. Injina ɗari takwas ne suke ta fafatawa tun ƙarfe shida na safe, ko a kunne aka yi maka ihu sai dai ka ga jijiyar wuya ta tashi. Shi ya sa matan masaƙa a garin Burnley na ƙasar Ingila da leɓe suke magana: a buɗe baki sosai, a siffanta kalma ba sauti, wadda ke can ƙarshen ɗaki ta karanta. Da haka ake gulma, da haka ake zagin heluma mai kula da ma'aikata yana tsaye a wurin, da haka aka ƙulla aure biyu da ni kaina na sani. Selina da Keziah kuwa shekara goma sha tara suna fuskantar juna, injina huɗu nan, huɗu can, a gida ma bango ɗaya ne tsakaninsu. Ko rabin kalma Keziah ta fara, Selina ta san ƙarshenta.

Ta waiga ta ga heluma Pilling ya duƙa ƙarƙashin wani inji yana gyara, sai ta tsallaka.

A kan farin yadin da ke fitowa daga injin Keziah na biyu akwai ɗigo uku ja, ɗaya ya kai girman kwabo. Keziah tana tsaye da gefen gyale a baki, idonta ya kawo ruwa saboda tarin da take dannewa.

"Haɓo ne," in ji leɓenta.

"Haɓo ta baki? Yau na ga sabon salo," in ji na Selina.

Ba ta jira amsa ba. Ta tofa yawu a ƙyallen da ke ɗaure a ƙugunta ta dirje wurin har jan ya koɗe, ta murza yadin ya shige cikin naɗi. Daidai nan injin na uku ya tsaya, zare ya ƙare a ƙoshiya, ɗan katakon nan da ke kai zare yana komowa. Keziah ta miƙa hannu, Selina ta riga ta. Ta cire kwarkwaron zaren da ya ƙare a cikinta ta sa sabo, ta kafa leɓe a ɗan ramin da ke gefen ƙoshiyar ta zuƙa, bakin zaren ya faɗo mata a harshe. Ta ja shi, ta mayar da ƙoshiyar, injin ya ɗauka. Katakon da ɗuminsa, kuma ta ji ƙarnin jini a kansa.

Sumbatar ƙoshiya muke ce wa wannan. Kowace mai saƙa tana yin ta sau ɗari-ɗari a yini, ta haɗiye ƙurar auduga da sitaci da man inji da yawun duk wadda ta riƙe ƙoshiyar kafin ita. Akan yi ba'a cewa sumbar da macen masaƙa ke yi wa katako a mako guda ta fi wadda mijinta zai samu har ya mutu. Haƙoran gaba ne ke fara tafiya, ƙirji ya biyo baya.

Pilling ya taso yana goge hannu da tsumma, ya kawo bakinsa kusa da kunnen Selina.

"Selina Duckworth, naki injinan suna can suna saƙa iska!"

"Almakashi na zo ara, Mista Pilling."

"To ki ara da sauri."

Da jiniyar tsakar rana ta busa, injina suka mutu, su biyun suka kife kwandon kwarkwaro suka zauna da gwangwanin shayi da burodi mai kitse. Kunnuwansu suna ta ƙugi, don haka ko raɗa suka yi niyya sai ta fito da ƙarfi; dole suka matsa can bayan buhunan zare.

"Tun yaushe?" in ji Selina.

"Tun bayan hutun bazara."

"Kuma kika yi gum? Ni ina jin tarinki ta bango ina cewa sanyi ne!"

"To in na faɗa me za ki yi? Ki ara mini ƙirjinki?"

"Ki je wajen likita mana, Keziah."

"Ya ce mini me? In huta, in sha iskar bakin teku, in riƙa cin ƙwai. Na haddace karatun nan, da shi aka binne Jabez." Jabez mijinta ne, ya cika shekara shida a ƙasa. "In likita ya sani, ofis ya sani. In ofis ya sani, mabuɗin gida ya koma hannunsu."

Gidajen layinmu duka na mai masaƙa ne, talatin da biyu a jere kamar haƙoran mataji. Doka tana nan a takardar da kowa ya sa wa hannu ranar shiga: gidan da ba shi da mai aiki a masaƙa mako guda ake ba shi ya kwashe, kuma ba a saukar da baƙon da ba a can yake aiki ba. Gidan Keziah mutum uku ne. Ita, da surukarta Kaka Clegg wadda ƙurar ɗakin shiɓar auduga ta kashe wa ido, sai 'yarta Hetty mai shekara goma sha uku.

Hetty ita ce maganar. Yaran layinmu tun suna sha ɗaya suke fara rabin yini a masaƙa, rabin a aji suna gyangyaɗi. Keziah ta ce tata 'yar ba za ta shiga ba, ta kuma tsaya a kan bakanta. An yi da ita a bakin famfo har an gaji. Uwar gimbiya suke ce mata, ita kuwa ko a jikinta. Malamar makarantar ta ce idan Hetty ta zauna a aji har jarrabawar da ake yi lokacin bikin Ista ta kuma ci, za a ɗauke ta koyon malanta, da ɗan albashin da zai kama musu ɗaki a bayan coci, inda ƙasa ba ta mai masaƙa ba ce. Amma sai yarinyar da sunanta bai taɓa fita daga rajistar aji ba.

"Wata biyar nake nema, Selina," in ji Keziah, tana jujjuya burodin ba ta ci ba. "Ban roƙi Allah in ga jikoki ba. Ista kawai. In tsaya a gaban injinan nan har Ista, sannan ya yi yadda ya so da ni."

Selina ta mayar da abin faɗa, don haka ta saba.

"Ji ta da Allah! Za ki kai Ista ko da goya ki zan riƙa yi. Daga yau ƙoshiyoyinki nawa ne. Numfashin da ya rage miki ki adana shi, ba na katako ba ne. Kuma ki cinye burodin nan kafin in tura miki shi."

Haka aka yi. Daga ranar Selina ta zama mai injina takwas a ɓoye. Ido ɗaya a nata, ɗaya a na Keziah; da ta ga wani ya fara sanyi ta tsallaka, ta zuƙo zare, ta dawo a guje kafin nata ya tsaya. Matan da ke kusa duk sun gani, ba wadda ta ce uffan, sai dai in Pilling ya nufo a ga leɓe daga can nesa yana cewa, "Ga shi nan." Da yamma ƙafafunta su kumbura har takalman katakon su ƙi fita.

Mijinta Enoch mutumin ƙungiyar ƙwadago ne, kuma in ka ba shi kunne shayinka ya huce. Aljihunsa ba ya rabuwa da ƙananan takardu masu jan bango, waɗanda ke cewa wanda ya saƙa shi ne mai yadi, kuma wata rana injina za su zama na masu tsayuwa a gabansu. Selina takan ce masa, "Ran da suka zama namu ka tashe ni, in sayar da nawa huɗu in sayi kujera." Ba mugun mutum ba ne, kuma ba ƙarya yake yi ba, ita ma ta sani. Kawai dai ranar tasa ba ta taɓa faɗowa a cikin makon da ake ciki ba.

Wata Lahadi da hantsi ya same ta a bayan gida tana kurkure baki da ruwan gishiri.

"An ce mini ƙoshiyar Keziah kike sumbata."

"An ce maka? Ashe maza ma sun iya karatun leɓe."

"Ba wasa nake ba, Selina. Likitoci sun rubuta, ta nan ciwon yake bi. Daga bakinta zuwa katako, daga katako zuwa naki. Yara huɗu gare mu."

"Na san yawansu, ni na haife su."

"Mun kai takarda ofis da hannu ɗari huɗu, a kawo ƙoshiyar da ake zura wa zare da yatsa. Akwai ta, an ƙera ta, na ga hotonta da idona."

"Suka ce me?"

"Suka ce za su duba."

"Bara ma sun duba. Idonsu bai gaji ba?"

Enoch ya juya. Ya shiga ciki ya daɗe yana ƙwanƙwasa, ya fito da wata 'yar ƙugiya da ya lanƙwasa da waya, ya yi mata mariƙi da guntun itace har ya goge shi sumul. Ya ce da ita za a riƙa jawo zaren, ba sai an sa baki ba. Washegari Selina ta gwada. Da baki, kafin ka ƙirga biyu zare ya fito. Da ƙugiya sai ka kai goma kana lalube, inji yana tsaye yana kallonka. Mai injina takwas ba ta da goma. Ta jefa ƙugiyar a aljihu, da ya tambaya ta ce tana aiki. Tsoro kam tana ji, tsoro sosai, musamman in ta kalli autarta tana barci. Amma duk lokacin da injin Keziah ya tsaya, ƙafarta ce ke tafiya kafin tsoron ya yi magana.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Keziah ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Kullum da safe Selina takan ƙwanƙwasa bango sau biyu, su fito tare, ta saƙala hannunta a nata su gangara cikin ƙarar takalman katako ɗari-ɗari, kamar ƙawaye masu hira, alhali rabin nauyin Keziah a kafaɗarta yake. Suna ƙirga makonnin da suka rage kafin Ista a hanya. Sha ɗaya. Goma. Tara.

Saura mako takwas Keziah ta zauna a ƙasa tsakanin injinanta, ta jingina da ƙarfe, ta kasa tashi. Ba ta suma ba, idonta biyu, tana ta cewa da leɓe, "Ɗaga ni, ɗaga ni kafin ya gani." Amma Pilling yana tsaye a kansu.

Ya ja Selina waje inda ake jin magana.

"Mista Pilling, jiri ne kawai, ba ta karya ba ne yau..."

"Bari, Selina. Kina tsammani ba ni da ido? Tun kafin Kirsimeti nake juya muku baya, har wuyana ya ƙage." Ya cire hula ya sosa kai. "Zan sa wata ta riƙe mata na mako biyu, in ce mura ce. Bayan nan ba hannuna. Kada ki kalle ni haka, ni ma mabuɗinsu ne a aljihuna."

Keziah ba ta cinye makon biyun ba.

Ranar Lahadi da rana aka aiko wa Selina ta zo. An sauko da gadon ƙasa kusa da murhu, saboda matakala ta fi ƙarfinta. Bututun hayaƙin gari duk suna hutu, don haka wata 'yar rana mai sanyi ta samu ta shigo ta taga, abin da ba ta yi sai Lahadi. Kaka Clegg tana kujerarta da hannu a cinya. Hetty tana bakin gado da kofi da cokali, gashinta a kitse tsaf yadda uwar ke so. Mai wa'azin cocinsu ya buɗe littafi yana karatu da murya mai ja. Muryar Keziah kuwa tun Alhamis ta tafi, ko raɗa ba ta fita.

Da ta ga Selina sai idonta ya yi haske. Ta motsa leɓe.

"Ki ce wa mutumin nan ya taƙaita, zan riga shi gamawa."

Dariya ta ƙwace wa Selina, ta mayar da ita tari. Mai wa'azi ya ɗago.

"Wani abu ta ce?"

"Ta ce ta gode ƙwarai, karatun yana shigar ta."

Ya ji daɗi, ya ƙara babi guda.

Hetty ta dubi uwarta, ta dubi Selina. Kwana uku ke nan uwarta tana yi mata magana ba ta ganewa. Yarinyar da ke karanta littafi mai shafi ɗari uku, wadda ke rubuta wa rabin layin wasiƙa, ba ta iya karanta bakin uwarta ba, don a masaƙa ake koyon wannan karatun, uwar kuwa ta hana ta taka ko bakin ƙofar. Selina ta ga haka a fuskar yarinyar, tausayinta ya kama ta har ta kawar da kai.

Da mai wa'azi ya rufe littafi ya fita, Keziah ta yafito Selina da yatsa, ta nuna mata Hetty da ido. Ta tattara abin da ya rage mata, ta buɗe baki sosai, a hankali, yadda ake yi wa wadda ke can ƙarshen ɗakin saƙa.

"Kada bakinta ya taɓa ƙoshiya."

Selina ta gyaɗa kai. Keziah ba ta gamsu ba, ta sake. Ta kuma sakewa, na uku har wuyanta yana rawa. Hetty ta kafa wa leɓen ido ko ƙiftawa ba ta yi, nata leɓen yana bin na uwar ba tare da ta sani ba.

"Na ji," in ji Selina, ita ma ba sauti.

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi."

"Anti Selina, me ta ce?" in ji Hetty. "Sau uku ta faɗa. Don Allah me ta ce?"

Selina ta dubi tsohuwar da ke kujera, ta dubi bangon da ba nasu ba, ta tuna saura mako bakwai. Kayan nata ne, ita aka ɗora wa. Ba ta ga dalilin da za ta sauke shi a kan yarinya ba.

"Ta ce Allah ya yi miki albarka."

"Ba haka bakinta ya yi ba."

"Da leɓe haka yake fita, 'yar nan. Ba ta ruwa."

Hetty ta kai cokali, ruwan ya gangaro ta gefen baki. Keziah ta cika kafin ranar ta bar taga. Kaka Clegg ce ta fara sani, ita da ba ta gani. Ta ce, "Numfashin ya tsaya," sannan ta laluba ta kamo hannun jikarta.

Sai Asabar da yamma aka binne ta, don a layinmu ko gawa jiran jiniya take yi. Ranar Litinin takardar ofis ta iso: mako guda.

Ba za a ce Selina ba ta yi ƙoƙari ba. Ta sa rigar coci ta je ofis, ta tsaya a gaban wani magatakarda mai tabarau ta roƙi mako shida kacal. Ya ce shi ma abin ya taɓa shi, amma in aka yi wa gida ɗaya, talatin da ɗaya za su zo. Ta ce to a bar ta ta ɗauke su a nata gidan, a ƙasa ma sa kwana. Ya juyo da takardar ya nuna mata inda mijinta ya sa hannu. Enoch ya kai maganar taron ƙungiya, aka yi jawabai masu zafi, aka tafa, aka rubuta cewa wannan zalunci ne, kowa ya ɗaga hannu. An haɗa musu ɗan abin da ya sayi kwal da burodi, Allah ya saka. Amma ɗaki a wajen layin babu mai ba makauniya da yarinya marar aiki. Abin da ya rage shi ne gidan gajiyayyu da ke kan tudu, inda ake aske wa tsofaffi kai a sa musu riga iri ɗaya.

"Ku kai ni can," in ji Kaka Clegg ranar Alhamis, suna zaune su uku. "Ni da ba na gani, ina ruwana da kalar bango? Yarinya ta zauna gidan malamarta."

"Kaka, ki daina," in ji Hetty.

"Uwarki ta sha wuya a kan wannan jarrabawar."

"Wanda ya shiga can ba ya ganin bazara biyu, kowa ya sani. Ba zan zauna ina rubutu ke kina can ba." Ta juyo ga Selina da idon uwarta sak. "Na riga na je wajen Mista Pilling. Litinin zan fara. Baɗi ma akwai jarrabawa, Anti."

Selina ta dubi yarinyar. Ta san wannan baɗin. Ita ma da niyyar yin wata shida ta shigo masaƙa, kafin mahaifinta ya warke, yau shekara ashirin da shida.

Ranar Litinin ta ƙwanƙwasa bango sau biyu kamar kullum, sai da ta yi sannan ta tuna. Hetty ta fito da gyalen uwarta da takalman katakon uwarta, an cusa tsumma a gaba don sun yi mata yawa. Pilling ya ba ta biyu daga injinan Keziah, ya ce Selina ta koya mata. Kafin jiniya Selina ta zaro ƙugiyar Enoch ta danƙa mata a tafin hannu.

"Da wannan za ki riƙa jawo zare. In ya gagara ki ɗaga hannu, ni zan zo. Kada in ga kin kai katakon nan baki, kin ji ni?"

"Amma kowa da baki yake yi."

"Ke ba kowa ba ce. Na gan ki, sai na ɓalla miki yatsa."

Haka suka yi mako biyar. Hetty tana lalube da ƙugiya, inji yana tsaye; Selina tana tsallakawa tana dawowa. Yarinyar tana da kai, ba a faɗa mata abu sau biyu. A mako na biyu ta iya ƙulla zare da hannu ɗaya. A na uku ta daina toshe kunne. A na huɗu Selina ta ga wata ta yi ba'a daga nesa, Hetty ta yi murmushi, ashe ta fara karantawa. Ita kuwa Selina wani ɗan tari ya kama ta, busasshe, wanda ta ce wa Enoch na sanyi ne. Ya dube ta, ya fita taro.

Ranar Alhamis ta makon Ista, wato ranar jarrabawa, Pilling ya tare su a bakin ƙofa da safe. Bai iya kallon Selina ba, yarinyar ya yi wa magana.

"Ofis sun auna yadinki, 'yar Clegg. Bai kai ba, ko kusa. Sun ce in bai cika ba a makon gobe a ba wata injinan. Kin san abin da ke biyo baya." Ya gyara hula. "Hannunki ba laifi. Ƙugiyar nan ce ke cinye ki."

Jiniya ta busa, suka shiga.

Wajen ƙarfe goma, lokacin da 'yan ajinsu suke zaune ana raba musu takarda, injinan Selina biyu suka tsaya a tare, ɗaya zare ya tsinke, ɗaya ƙoshiya ta ƙare. Tana fama da su ta ji a jikinta ana kallonta. Ta ɗaga kai.

Injin Hetty ma ya tsaya. Ba ta ɗaga hannu ba. Tana tsaye da ƙoshiyar uwarta a hannun dama, ƙugiya a hagu, tana jiran Selina ta dube ta. Sai ta buɗe baki sosai, a hankali, kalma bayan kalma, yadda ta gani sau uku a bakin gado ta kuma riƙe tun ranar.

"Kada bakinta ya taɓa ƙoshiya."

Zaren ya suɓuce daga yatsun Selina.

"Haka ta ce, ko, Anti?"

Selina ta so ta yi ƙarya karo na biyu, leɓenta ya ƙi. Ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka, tari ya turnuƙe ta, ta dafa ƙarfen inji ta duƙa. Can ƙarshen layi Pilling yana tsaye ya juya musu baya.

Da ta miƙe, Hetty ta riga ta sa ƙugiyar a aljihu. Ta goge ɗan ramin da babban yatsa, sau biyu, kamar mai goge bakin kofi. Ta kai ƙoshiyar baki ta zuƙa, zaren ya fito tun a karon farko. Ta mayar da ita, ta ja mariƙi, injin ya ɗauka, farin yadi ya ci gaba da fitowa. Wani ɗan silin auduga ya maƙale a leɓenta na ƙasa, yana motsi da numfashinta.